Biri ya yi kama da mutum, kuma a nan maganar take

Akwai wani bidiyo da kan dawo cikin wayoyinmu lokaci zuwa lokaci. Biri ne yana tafiya bisa wani bel mai juyawa, ƙafarsa ɗaya tana jan ƙasa. Sai a kunna wata na'ura, ƙafar ta ɗaga ta taka kamar ƴar uwarta. Masu kallo sukan kasu uku. Wasu su ce an samo maganin shanyewar jiki, a tura wa kowa. Wasu su ce dubi zaluncin Turawa, sun yanke bayan dabba don neman suna. Wasu kuma su yi dariya, su ce ai biri ne, mene ne abin damuwa. Duka ukun nan sun kauce hanya, kuma abin takaici shi ne ana jin su har a bakin malaman makaranta, mutanen da aikinsu shi ne su koya wa yara raba tsaba da ƙaiƙayi.

Mu fara da abin da ake magana a kansa. Laka ita ce farar igiyar jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya, daga ƙeya zuwa kusa da ƙugu. Kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, tsawonta a jikin babban mutum kusan santimita 45. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke ba hannu da ƙafa ta cikinta yake bi, duk abin da fata ta ji ta cikinta yake komawa sama, har riƙe fitsari da bayan gida. Ƙashi idan ya karye, ɗori na haɗa shi. Fata idan ta yanke, tana warkewa. Jijiyoyin laka kuwa idan sun tsinke ba sa sake tsirowa su haɗe da kansu. Tabo ne ke cike gurbin ya tare hanya. Shi ya sa mai ɗori, komai ƙwarewarsa, yana iya daidaita ƙashi amma ƙafar ta ci gaba da kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutanen da ke rayuwa da raunin laka sun haura miliyan 15, kuma haɗarin hanya da faɗowa daga sama su ne manyan dalilai. Ba sai an je Turai ba kafin a ga irinsu. Duk unguwar da kabu-kabu ke shiga tana da wani saurayi kwance a ɗaki.

To me ya kawo biri cikin wannan magana? Mafi yawan binciken laka da ɓeraye ake yin sa, kuma haka ya kamata, don sun fi araha, sun fi saurin haihuwa. Amma ɓera yana da iyaka. Babbar hanyar jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, a jikin ɓera ta bayan laka take bi, a jikin biri da mutum kuwa ta gefe take bi. Na biyu, a jikin mutum da irin biran da ake kira makak, wasu zaren wannan hanya suna zuwa kai tsaye ga jijiyoyin da ke motsa yatsu, abin da babu shi haka a jikin ɓera. A 1968 wasu masana biyu, Lawrence da Kuypers, sun yanke wannan hanya a gindin ƙwaƙwalwar birai. Bayan sun farfaɗo, biran sun iya tafiya, sun iya hawa, amma sun kasa ciro ɗan abinci daga ƙaramin rami da yatsa biyu, sai dai su damƙa da hannu gaba ɗaya. A 2004 an tambayi mutanen da suka shanye daga wuya a Amurka abin da suka fi so ya dawo musu, amsar da ta zo kan gaba ita ce hannu. Kowa ya yi tunani zai gane dalili: mutum ya kai loma bakinsa, ya yi tsarki da kansa, ya riƙe alli ko alƙalami. Wanda ke neman maganin yatsu ba zai samu cikakkiyar amsa daga dabbar da yatsunta ba sa aiki irin namu ba.

Ga misali ɗaya da ya isa ya rufe bakin mai cewa a tsaya kan ɓera. A jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ƙungiyar Mark Tuszynski ta daɗe tana dasa ƙwayoyin halitta masu zama jijiya a lakar ɓeraye, kuma dashen yana kamawa. Da suka gwada hanyar a jikin birai, aikin da suka wallafa a 2018, dashen farko bai zauna ba. Ruwan da ke kewaye da lakar biri ya fi yawa, sai ya wanke ƙwayoyin ya tafi da su. Dole suka sake tsari, suka rage ruwan lokacin tiyata, suka ƙara ƙarfin abin da ke riƙe ƙwayoyin, sannan dashen ya kama, jijiyoyi suka tsiro. Yanzu a ce an yi tsalle daga ɓera zuwa mutum. Wannan kuskuren a bayan ɗan wani za a gano shi, bayan an buɗe masa wuya a banza. Mai cewa a hana gwaji da biri baki ɗaya ya faɗa mana ɗan wa za a sa a madadinsa.

Bidiyon da na ambata shi ma yana da tarihi. Aikin Grégoire Courtine ne na makarantar kimiyya ta Lausanne a ƙasar Suwis, tare da abokan aikinsa, an wallafa shi a mujallar Nature cikin Nuwamba 2016. Birai biyu ne aka yanke wa wani sashe na laka a gefe ɗaya. Aka dasa musu ƴar na'ura a ƙwaƙwalwa tana karanta niyyar ɗaga ƙafa, tana aika saƙo ba tare da waya ba zuwa kwamfuta, kwamfutar kuma tana kunna wata na'urar da ke ƙasa da raunin, ta taɓa jijiyoyin ƙafa da ɗan lantarki. Wato an gina gada a kan wurin da hanya ta karye. Ɗaya daga cikin biran ya taka cikin mako na farko. Bayan shekara bakwai, a Mayu 2023, Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suka nuna wani ɗan ƙasar Holan, Gert-Jan Oskam, wanda ya shanye a haɗarin keke a 2011, yana miƙewa, yana tafiya da sanduna, yana hawa matakala da irin wannan gada. Daga biri zuwa mutum hanyar ta bi, a bayyane, kowa na iya bin sawunta.

Masu kiran wannan zaluncin Turawa, da ba ruwanmu da shi, ina so su duba hannun ƴaƴansu, yatsan nan da ake shafa wa tawada bayan an ɗiga musu maganin shan inna. Shan inna cutar laka ce: ƙwayarta tana shiga ta kashe jijiyoyin da ke motsa ƙafa. A 1908, a birnin Vienna, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka ɗauki wani abu daga lakar yaron da cutar ta kashe suka sa wa birai, biran suka kamu, a nan aka tabbatar ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. Allurar Salk ta 1955 a cikin ƙwayoyin ƙodar biri aka raini ƙwayar da aka haɗa ta da ita. Maganin ɗigawa na Sabin shi ma an gwada shi a kan birai masu ɗimbin yawa, kuma shekaru da dama ana gwada ingancin abin da aka haɗa a lakar biri kafin a sake shi ga yara. Indiya ta yi ta fitar da birai zuwa ɗakunan bincike har ta hana a 1978. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Wanda ya girma a Maradi ko Damagaram ya san yawan guragun da ake gani a ƙofar masallaci da bakin kasuwa cikin tsararrakin iyayenmu, ya kuma san yadda suka ragu a cikin ɗalibanmu na yau. Haka mace mai ciki da ta je awo aka rubuta mata rukunin jini: kalmar rhésus da ke takardarta sunan wani irin biri ne da aka yi binciken da jininsa a 1940. Mun riga mun ci tuwon. Wanda ya ci ya ƙoshi sannan ya tashi yana zagin mai girki, ba tausayin dabba ke damunsa ba, rashin sani ne.

Na san inda wasu iyaye ke tsayawa. Da zarar malami ya ce jikin biri ya yi kama da na mutum, sai a ce ga shi nan ya fara koya wa yara cewa daga biri muka fito. Saboda tsoron wannan magana, malamai da yawa sukan tsallake darasin. Amma kamannin gaɓoɓi abu ne da ido ke gani. Mahauci ya san hantar rago ta yi kama da ta akuya, kuma ba wanda ya taɓa tuhumar imaninsa a kan haka. Hausawa tun kafin zuwan boko suka ce biri ya yi kama da mutum. Faɗar cewa hanyar jijiya tana bi ta gefen laka a jikin biri da mutum bayani ne na yadda halittar take, kuma yaron da zai zama likita ko ma'aikacin jinya gobe yana da haƙƙin ya ji shi.

Sai dai wannan kamannin da ya sa ake bukatar biri, shi ne kuma ya sa abin yake da nauyi, kuma a nan nake juyowa ga masu dariya. Dabbar da yatsunta ke aiki irin namu, tana jin zafi, tana jin tsoro, tana gane fuskar mai kula da ita, tana ƙunci idan aka raba ta da ƴan uwanta. Biri lafiyayye ake ɗaukowa, a sa masa barci, a yanke masa laka da gangan. Masu binciken kan yanke sashe ɗaya kawai, don dabbar ta ci gaba da cin abinci da fitsari da kanta, amma a ƙarshen yawancin irin wannan aiki ana kashe ta domin a duba lakar. Ya kamata a faɗi wannan a fili, ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya ce biri ne kawai bai fahimci dalilin da ya sa aka zaɓi birin ba tun farko.

Kuma an ga abin da ke faruwa idan ba mai sa ido. A Satumba 1981 ƴan sanda suka shiga wani ɗakin bincike a Silver Spring, jihar Maryland ta Amurka, suka kwashe birai 17. Mai ɗakin, Edward Taub, yana yanke jijiyoyin da ke kai ji daga hannu zuwa laka, kuma hotunan da suka fita sun nuna birai da raunuka cikin keji masu ƙazanta. An gurfanar da shi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, amma rigimar ta taimaka wajen tsaurara dokar kula da dabbobi a Amurka a 1985. Abin lura shi ne daga wannan binciken ne aka samo wata hanyar gashi da ake amfani da ita yau ga masu shanyewar ɓarin jiki, inda ake tsare hannu mai lafiya don a tilasta wa mai rauni aiki. Amfani ya fito, amma amfanin bai wanke ƙazantar kejin ba. Ana iya samun ilimin nan da keji mai tsabta da likitan dabbobi a kusa.

Tun 1959 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa sharuɗɗa uku da har yau ake bi: idan akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi amfani da shi, idan babu a rage yawan dabbobin iya raguwa, waɗanda aka ɗauka kuma a sauƙaƙa musu wahala. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta rufe ƙofar gwaji da manyan birai irin su cimfanzi da gorila sai dai a wani matsanancin hali, ta kuma ce ba za a taɓa sauran birai ba sai an nuna wata dabbar ba za ta yi ba. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina aiki da cimfanzi a 2015. A ƙasar Suwis an kai maganar gaban jama'a cikin Fabrairu 2022, kusan kashi 79 cikin 100 suka ƙi amincewa da hana gwaji da dabbobi baki ɗaya. Wannan tsarin ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu sun koya mana cewa larura na buɗe ƙofar da ke rufe, amma gwargwadon larurar kawai. Kowane ɗan makarantar allo ya san labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, ya san kuma makomarta.

Da wannan ma'aunin ne nake da ƙorafi a kan masu binciken kansu. Gwajin biran nan na 2016 a Beijin ta ƙasar Sin aka yi shi, alhali masanan daga Turai suke, kuma sananne ne cewa tsadar aiki da tsaurin ƙa'idoji na sa masana da yawa kai irin wannan bincike waje. Ban ce an wulaƙanta dabbobin a can ba. Abin da nake cewa shi ne ƙasar da za ta ci riba da suna ita ya kamata ta ɗauki nauyin kallon abin da idonta. Mu da muke zaune a nahiyar da aka saba kawo wa abin da ba a so a yi a gida, mun fi kowa sanin hatsarin wannan ɗabi'a. Amma kafin mu ɗaga murya mu duba kasuwanninmu. Birin da ake ja da sarƙa a ƙugu ranar kasuwa, ana dukansa ya yi rawa, yara na jifansa, wane ilimi aka samu daga wahalarsa? Wa ya warke? Wanda bai taɓa hana ɗansa jifar wannan birin ba, ba shi da bakin yi wa Lausanne wa'azi.

Saura masu cewa an samo magani. Waɗannan sun fi kowa cutarwa, domin maganarsu tana shiga gidan da ke da majiyyaci. Raunin da ake yi wa biri yanka ne mai tsabta, a wuri ɗaya, cikin ɗakin tiyata. Raunin ɗan kabu-kabu murƙushewa ce, ƙashi ya danne laka, ga kumburi, ga jinkirin zuwa asibiti. Oskam mutum ɗaya ne, lakarsa ba ta tsinke gaba ɗaya ba, an yi masa tiyata a kai da baya, kuma ƙungiyar masana ta yi ta aiki da shi wata da watanni. A Japan, ƙungiyar Hideyuki Okano ta jami'ar Keio ta yi shekaru tana gwaji da ƙananan birai kafin ta fara dasa wa mutane ƙwayoyin halitta a Disamba 2021. Mutum huɗu aka yi wa, kuma sakamakon da aka bayyana a Maris 2025 ya nuna biyu ne suka samu ci gaba a fili. A Zurich, Martin Schwab ya gano tun ƙarshen shekarun 1980 cewa akwai wani sinadari a laka da ke hana jijiya tsirowa. Maganin da ke toshe shi ya taimaka wa hannun birai a 2006, amma har yau bai zama maganin da likita ke rubutawa ba. Haka ilimi yake tafiya, taku ɗaya cikin shekara goma. Duk wanda ya ce wa uba ya sayar da gona ko shanu don wata allura a ƙasar waje da za ta tayar da ɗansa cikin wata guda, ɓarawo ne, ko da kuwa yana sanye da farar riga.

To mene ne namu a ciki, mu malamai da iyaye? Abin da ya fi ceton masu raunin laka a tarihi ba na'ura ba ce. A 1944 likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. Kafin lokacin mafi yawansu kan mutu ba da daɗewa ba, kuma gyambon kwanciya da cutar mafitsara ke kashe su. Ya sa doka a riƙa juya majiyyaci kowane awa biyu, dare da rana, a kula da tsabtar fitsari, a tashe shi ya motsa jiki. Mutane suka rayu, har wasannin da ya fara a 1948 suka zama gasar naƙasassu ta duniya. Juya majiyyaci ba ya bukatar sefa ko ɗaya. Yana bukatar a sani, kuma sanin nan aikinmu ne.

Haka batun ɗaukar wanda ya yi haɗari. Kowa ya ga yadda ake yi a titunanmu: jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana lilo, a naɗe mutum a cusa shi a mota ko a zaunar da shi a tsakiyar babur. Ƙashin da ya tsage bai taɓa laka ba, a wannan ɗaukar yake iya gocewa ya yanke ta. Yaron aji shida zai iya koyon ƙa'idar cikin darasi ɗaya. Wanda ya faɗo daga itace ko babur yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jiki. A cikin gari a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Idan dole ne a ɗauke shi, a nemo ƙyaure ko katako mai faɗi, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi tare kamar gungume, ba lanƙwasa ba juyawa. Sannan uban da ya miƙa wa ɗan shekara goma sha uku makullin babur, ya ɗora masa ƙannensa uku zuwa makaranta ba hular kwano, ya san abin da yake sa wa a caca.

Ƴan uwana malamai, idan ɗalibi ya kawo muku bidiyon nan, kada ku yi dariya, kada ku yi tsaki, kada kuma ku ce an samo magani. Ku faɗa masa dalilin da ya sa biri, ku faɗa masa abin da birin ya rasa, ku faɗa masa nisan da ya rage. A wasu ƙasashe ana yanke lakar dabba mai rai, bayan muhawara da takardu da sa hannun kwamiti, don a gyara abin da mu a nan muke karyawa da hannunmu wajen ɗaukar majiyyaci. Wannan ɓangaren ba ya jiran Lausanne ko Tokyo. Ana iya fara shi ranar Litinin, a kan allo, da alli. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.